Babban Akawu a Mataki na Uku

Takardar ta iso ofishin hukumar garinmu ranar Lahadi da safe, ranar da muke fara aikin mako, a jiƙe, domin ruwa ya rutsa da wanda ya kawo ta daga Pabna, hedikwatar gundumarmu. Mozammel Pramanik ne ya fara karanta ta, kamar yadda yake fara karanta duk takardar da ta shigo ginin nan tun da aka naɗa shi babban akawu. Ya karanta sau ɗaya, ya goge tabarau da bakin riga, ya sake karantawa. Shayin da aka ajiye masa har ya huce bai taɓa shi ba.

Takardar cewa ta yi za a ba dukkan ma'aikata horon kwamfuta na kwana goma, kowa daidai iyawarsa. Mataki na ɗaya na waɗanda ba su taɓa kunna ta ba ne. Na biyu na waɗanda suka iya buga wasiƙa da tura saƙo. Na uku na ƙwararru, kuma kujera ɗaya tak aka ba kowane ofis. Can ƙasa aka rubuta abin da ya tsinka masa zuciya: daga ƙarshen shekara za a rufe littattafan rajistar haihuwa da mutuwa, komai ya koma kwamfuta, kuma wanda ya samo takardar shaidar mataki na uku shi zai riƙe teburin rajista.

Wanda bai san Mozammel ba zai ce mene ne abin tashin hankali a nan. An haife shi a wani ƙauye a gaɓar kogin Jamuna, ubansa manomin rama ne da kogin ya cinye wa gona har sau biyu. Bayan na biyun tsohon ya ce ya gaji da dukiyar da ruwa ke iya ɗauka, ya sayar da saniyarsa guda, ya tura ɗansa Pabna koyon tafireta a wani ɗaki da ke saman shagon magani. Mozammel ya fito yana buga kalma hamsin da biyar a minti, ba ya kallon yatsunsa. Da wannan ya samu aiki, bayan shekara uku aka ɗora shi kan teburin rajista, yau shekara ashirin da bakwai ke nan.

Rabin mutanen garin nan da hannunsa aka shigar da su duniya a rubuce, iyayensu da yawa kuma da hannunsa aka fitar. Rubutunsa kuwa abin kallo ne, akwai gidajen da suka sa takardar haihuwa a gilashi suka rataye. In gardama ta tashi a wurin mai shayi kan wa ya girmi wa, sai a ce a bari Pramanik ya zo wucewa. Mai kifi a kasuwa kan ajiye masa babban kan kifi. Bai tara komai ba, gidansa na kwano ne mai ɗaki biyu, amma yana da abin da yake tinƙaho da shi: ba a taɓa dawo masa da takarda an ce ya yi kuskuren harafi ba. Saura shekara uku ya yi ritaya, kuma burinsa duka daga kan teburin nan zai tashi.

Sai dai akwai abin da ya ɓoye shekara huɗu. Mu a ofisoshinmu duk sabon abu teburin babba yake fara sauka: fanka, tarho, kujera mai juyawa. Da aka kawo kwamfuta, ba wanda ya tambayi wa ya iya, teburin Mozammel aka nufa da ita. Mutumin da ya haɗa wayoyin ya dube shi a gaban kowa ya ce, "Yallaɓai, kai ai ba sai an nuna maka ba, gwanin tafireta guda!" Aka yi dariya, Mozammel ya yi murmushi. Da a lokacin ya ce a nuna masa, da magana ta ƙare cikin mako ɗaya. Bai ce ba, gobe kuma ta fi yau wuya, har aka kai inda faɗin ya gagara.

Kuma rufin asirin bai yi wuya ba, tunda babba ba ya aiki da hannunsa in da na ƙasa a wurin. Akwai Dilruba Yasmin, ma'aikaciyar wucin gadi, mai 'ya'ya biyu, wadda ta yi karatun kwamfuta shekara biyu a birnin Rajshahi, ta kuma shekara tara tana jiran a tabbatar da ita a aiki. Kullum da safe Mozammel zai yaye mayafin na'urar, wanda matarsa ta yi wa ado da zare, ya kaɗe ƙura, sannan ya ce, "Uwata, zo ki buga mana wannan." Dilruba ta ja kujera ta zauna, shi yana faɗa yana zagaye ɗaki da hannu a baya, ita tana bugawa. Duk wanda ya leƙo sai ya ga babban akawu yana koya wa ƙarama aiki.

Da hantsi shugaban ofishinmu, Sakatare Anwarul Kabir, ya kira shi. Mutum ne mai fara'a, mai son a ce ya san darajar manya. Jerin sunayen ma'aikata na gabansa, an jera su bisa girma kamar kullum, har ya riga ya cike gurbin matakai da jan biro.

"Pramanik Sahib, zauna, zauna. Na sauƙaƙa mana aiki. Kai ne na uku, wannan ba sai an faɗa ba. Akawuna huɗu na biyu. Sauran, masinjoji da direba da 'yan wucin gadi, su je na ɗaya."

Mozammel ya ce, "Yallaɓai, takardar cewa ta yi daidai iyawar mutum..."

"To, wa ya fi ka iyawa? Shekara talatin a aiki! So kake in zaunar da kai benci ɗaya da mai kawo maka shayi? Mutanen gari su ji, su ce Kabir ba shi da tarbiyya?" Ya yi dariya, ya tura masa ganyen pan, wanda muke taunawa kamar goro, a faranti. "In jarrabawa ce ke damunka, manta da ita. Wa zai kayar da babban akawu? Na san mutanen can, waya ɗaya ce."

Ya miƙo masa fom da biro a tare. A ƙasan fom ɗin akwai layi guda: *Na tabbatar na ƙware a mataki na ɗaya da na biyu.* Mozammel ya tsura wa layin ido. In na gaba da kai ya karrama ka, ba a mayar masa da karramawa, haka aka rene mu duka. Ga Sakatare na murmushi, ga hannunsa a miƙe. Mozammel ya karɓi biron ya sa hannu, da kyakkyawan rubutun nan nasa, a ƙarƙashin ƙarya ta farko da ya taɓa sa wa hannu a ginin.

Da aka liƙa jerin a allon sanarwa, Dilruba ta tsaya ta bi shi da yatsa har ƙasa, inda ta ga sunanta tsakanin na direba da na mai shara. Ta gyara mayafinta ta koma ta zauna. Da ta yi masifa ma da ya fi wa Mozammel sauƙi.

Mako biyu suka rage. Mozammel ya fara rama a tsaye. Abinci ya daina shiga, in an yi masa magana sai an maimaita. A hanya in ya ga shagon da ake buga takardu da kwamfuta sai ya rage tafiya, ya leƙa ta ƙarƙashin lema yana kallon yatsun masu aikin, in an ɗago an gaishe shi ya yi sauri ya wuce. Ina zai je ya koya a garin da kowa ya san shi? Ko wane shago ya shiga, shi ya rubuta haihuwar mai shagon.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, matarsa Kohinur ta zuba masa shinkafa da miyar kifi, ta zauna tana yi masa fifita, ta ga yana ta juya loma ɗaya.

"Baban Tahmina, kifin ne bai yi ba, ko ni ce na yi laifi?"

Ya ajiye lomar, ya gaya mata komai, kansa a ƙasa. Shekara talatin da aure bai taɓa jin nauyinta irin na ranar ba.

Kohinur ta ajiye mafici. "Ikon Allah. Wato mayafin nan da na ɓata mako biyu ina yi wa fure, na ɗauka na'ura nake rufa wa, ashe kai nake rufa wa."

"Wasa kika mai da abin?"

"To kuka zan yi? Ka je ka ce wa Sakatare ba ka iya ba, shi ke nan. Rashin iyawa ai ba sata ba ne."

"Na sa hannu, Maman Tahmina. Kuma in na faɗa, teburin ya tafi. In koma ina? In zauna a lungu ina lissafa fitilun titi, yaran da na rubuta haihuwarsu suna wucewa suna nuna ni?"

"In kuma ba ka faɗa ba?"

"Ya ce zai yi waya. Za su ba ni takardar."

"Sai yarinyar nan ta ci gaba da yi maka aikin, kai kana zagaye ɗaki." Ta ɗauki maficinta. "Ni dai ci abincinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Ranar Litinin da azahar, da ofis ya watse aka tafi salla da cin abinci, Mozammel ya tura ƙofa, ya zauna gaban na'urar shi kaɗai. Ya yi bisimilla ya danna maɓallin da ke jikin allon. Wata 'yar fitila ta kama, allon kuwa baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, fitilar ta mutu. Ya danna, ta kama. Ya fara tunanin ko ya lalata kayan gwamnati. Bai ji buɗe ƙofa ba, sai muryar Dilruba a bayansa, ƙasa-ƙasa.

"Kawu, na ƙasa ne. Wanda ke jikin akwatin, ƙarƙashin tebur."

Ya zabura ya fizgo tsumma. "Ƙura nake sharewa."

"To, Kawu."

Ruwa na ta zuba a kan kwanon baranda.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun makon farko." Ta kalli ƙasa. "Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. In kana so, kullum da azahar in riƙa nuna maka. Mutane sai su ɗauka aiki muke."

"Kwana shida za su kai ni mataki na uku?"

Dilruba ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ma ta daɗe a wucin gadi. "A'a, Kawu. Amma za ka iya kunnawa."

Ya ce ta je ta ci abincinta. Abin da ya fi cin ransa shi ne ba ta roƙe shi komai ba, alhali dukansu sun san kujerar wa ya hau.

Ranar da za a fara, motar ofis ta kwashe su zuwa cibiyar horo a Pabna, shi a gaba kusa da direba, saura a cushe a baya. Ginin hawa uku ne, aka raba matakan bisa hawa: na ɗaya a ƙasa, na uku a can sama. Mozammel ya hau yana riƙe ƙarfen bene. Da ya shiga ɗakin sai ya ga abin mamaki. Cikin mutum ashirin, fiye da rabi masu furfura ne irinsa, manyan akawuna na sauran garuruwa, kowa da biro biyu a aljihu, kowa ya ɗora hannuwa a cinya yana kallon silin kamar ana jiran liman.

Ya zauna kusa da wani mai jan gemu na lalle, da ya taɓa gani a taron gunduma. Mai koyarwa ya shigo, mutum mai kimanin shekara arba'in, ya ce kowa ya shiga da sunansa da lambar sirrin da ke cikin ambulan, ya buɗe rajistar gwaji. Madannai suka fara ƙara a wasu tebura. A wasu kuwa shiru.

Mai jan gemu ya karkato ya raɗa masa, "Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ka riƙa gyaɗa kai kawai, in ya matso ka yi tari ka fita. Kwana goma ne. Ni wannan ne horona na uku, takardu biyu na rataye a falo."

"Aikin fa?"

"Aiki? Ba ka da yara a ofis?"

Mozammel ya ji wani sanyi ya ɗan sauko masa. Ashe ba shi kaɗai ba ne, ashe hanya ce da aka daɗe ana bi. Ya gyara zama, har ya gwada gyaɗa kai sau biyu.

Sai mai koyarwa ya haska shafin rajistar a babban allo: sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa. Gurabe iri ɗaya da na littafinsa, har jerinsu.

"Ku saurara da kyau, iyayena," in ji shi. "A littafi in kun yi kuskure kuna jan layi ku gyara. A nan, da kun danna wannan, ya tafi Dhaka, babban birnin ƙasa. Harafi ɗaya ya karkace, zai bi yaron makaranta, ya bi shi wurin neman aiki, ya hana shi fasfo, sai iyayensa sun yi shekara suna yawon ofisoshi. Kuma lambar sirrin nan ita ce sa hannunku. Duk abin da aka shigar da ita, ko kun gani ko ba ku gani ba, ku kuka rubuta."

Mozammel ya dubi ambulan ɗin da ke hannunsa. Shekara ashirin da bakwai ba sunan da ya shiga rajistar garinmu sai ya karanta shi sau biyu da idonsa, ya tambayi uban yaron yadda ake faɗinsa. Yanzu za a riƙa shigar da 'ya'yan mutane da sunansa, a wurin da bai san ko ƙofarsa ba, in an yi kuskure ba zai gani ba, in an yi ha'inci ba zai sani ba. Tsoron da ya yi mako biyu yana cinsa, na a gane bai iya ba, sai ya ga ashe ƙarami ne a kan wannan. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Yallaɓai, tambaya ce?" in ji mai koyarwa.

"Ba tambaya ba ce." Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur. "Ni ban iya kunna ta ba."

Mai jan gemu ya ja gefen rigarsa yana cewa, "Kai, zauna, za ka tona mana asiri!" Wani a baya ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta.

"A ofishina akwai wadda ta iya," in ji Mozammel. "Tana ƙasa yanzu, ana nuna mata yadda ake riƙe linzamin kwamfuta. Kujerar nan tata ce."

Mai koyarwa ya sosa ƙeya ya ce jerin sunaye ba ya canzuwa sai da izinin shugaban ofis. Mozammel ya ce a kira shi. A baranda aka miƙa masa wayar, muryar Sakatare na fita har na kusa suna ji.

"Pramanik Sahib, me kake yi mini haka? Na ɗaga ka sama, ka je gaban mutanen gunduma ka nuna ban san ma'aikatana ba?"

"Laifina ne, Yallaɓai. Ni na sa hannu."

"Ka dai san abin da takardar ta ce? Wanda ya riƙe na uku shi ke da tebur. Ba zan iya mayar maka da shi ba, ko ka zo kana kuka."

Mozammel ya rufe ido. Ya so a ce akwai wata amsa.

"Na sani, Yallaɓai."

Aka aika a kira Dilruba. A tsakiyar bene suka haɗu, ita tana hawa da jakarta a ƙirji, shi yana sauka. Ta tsaya, idonta ya ciko, ta sunkuya za ta taɓa ƙafarsa, yadda muke girmama manya. Ya ja da baya.

"Hau, uwata, an fara. Kuma kowane suna ki karanta shi sau biyu."

Ɗakin ƙasa ya fi na sama cika da hayaniya, mutum biyu-biyu a kowace na'ura. Da ya tsaya a bakin ƙofa, hayaniyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Mutanen ofishinsa suka dubi juna. Wuri ɗaya ne babu kowa, wanda Dilruba ta bari, kusa da Hobibor, masinjan ofis, wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar masa fayil da lema. Hobibor na ganinsa ya yi zumbur ya miƙe, ya goge kujerar da hannun rigarsa, ya koma gefe ya tsaya da hannuwa a baya.

Mozammel ya zauna. Malamar ajin ta ce kowa ya zauna a ci gaba, Hobibor bai motsa ba. Bai taɓa zama a gaban babban akawu ba, ƙafafunsa ba su san yadda ake yi ba.

"Zauna, Hobibor."

"Yallaɓai, nan ma ya yi, ina gani daga nan."

"Zauna, na ce. Kun riga ni da awa guda." Ya ɗora hannunsa a kan linzamin, kibiyar da linzamin ke motsawa ta gudu can kusurwar allo ta ɓace masa. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, amma bai ɗauke hannun ba. "Me ta koya muku? Nuna mini."

Hobibor ya ɗosana a bakin kujera, rabin jikinsa a waje. Ya daɗe yana kallon hannun maigidansa, sannan a hankali ya ɗora nasa a kai.

"A hankali, Yallaɓai," ya ce. "Ba a danna shi da ƙarfi."